Daga Tiga Zuwa Bakin Gona: Inda Tsarin Nomanmu Ke Yoyo

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Fabrairu ko Maris, idan ya iso Kwanar Gafan sai ya rage gudu ko bai yi niyya ba. Kwandunan tumatir ne jere reras a bakin titi, ja wur, an rufe bakinsu an ɗaure da igiya. 'Yan dako na kai da kawowa, manyan motoci sun buɗe baya ana lodi, dillalai na ciniki da murya sama. Idan ka ɗan ratsa gefe kuma, za ka tarar da mata da yara sun tsuguna da wuƙaƙe suna tsaga tumatir gida biyu suna shanyawa a ƙasa, rana na dukansa, ƙurar motoci na sauka a kansa. Wannan shi ne wanda kasuwa ta ƙi. Mai shi ya yi wata uku yana ban-ruwa da feshi, ya kawo shi ranar da kowa ya kawo nasa, aka yi masa tayin da bai kai kuɗin kwando da na mota ba, ya ga gara ya mayar da shi kauɗa da ya zubar.

Ba za a cika wata huɗu ba, da damina ta sauka, uwargida a Kurna ko Tudun Wadar Zariya za ta aiki yaro cefane ya dawo mata da 'yan ƙwayoyi huɗu a tafin hannu. Dole ta cike miya da tumatirin leda, wanda galibin markaɗen da ke cikinsa daga ƙasashen waje aka shigo da shi. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa, a yanki ɗaya, cikin shekara ɗaya.

Wannan shi ne abin da nake nuna wa duk mai cewa ragwancin manomi ko ƙarancin ƙasa ne ya jefa mu tsadar abinci. Manominmu na noma iyakar ƙarfinsa. Abin da ya rasa shi ne ginshiƙan da noma ke tsayuwa a kansu, waɗanda mutum ɗaya ba zai iya kafa su ba komai himmarsa: ruwan da zai iso gona a kan lokaci, hanyar fitar da amfani, wurin ajiya, wutar sarrafawa, da kasuwar da za a iya dogara da ita. Waɗannan aikin hukuma ne. Gwamnatocinmu kuwa sun daɗe suna tsara su a warwatse, daga ofis zuwa gona, suna ƙirga abin da suka saya da abin da suka ƙaddamar. Muddin ba a juya tsarin ya faro daga bakin gona ba, muddin ba a ba gyara da kulawa darajar da ake ba sabon gini ba, ɗibar ruwa da kwando za mu ci gaba da yi.

Shiri kan shiri

Mu ba mu taɓa rasa shiri ba. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin ciyar da ƙasa, a shekarar ne kuma aka kafa hukumomin raya koguna. A 1980 Alhaji Shehu Shagari ya zo da nasa shirin bunƙasa noma. A 1986 Janar Babangida ya kafa hukumar DFRRI domin hanyoyin karkara da rijiyoyi. A farkon shekarun 1990 aka soma shirin Fadama da tallafin Bankin Duniya. Zamanin Jonathan, ministan gona Akinwumi Adesina ya kawo rabon taki ta wayar salula. A Nuwamban 2015 Shugaba Buhari ya je Birnin Kebbi ya ƙaddamar da bashin manoma na Babban Banki, wanda aka zuba wa fiye da naira tiriliyan 1, har aka yi dalar shinkafa a Abuja a Janairun 2022. A Yulin 2023 Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan abinci. Duk da haka, a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, gidaje da yawa suka koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini.

Idan ka duba shirye-shiryen nan da idon basira, za ka ga yawancinsu a kan abin rabo suka ginu: taki, iri, bashi, tarakta. Abin rabo na da farin jini wurin mai mulki domin ana ganinsa ranar biki, a jere shi, a ɗauki hoto, a yi tafi. Amma buhun taki damina ɗaya yake yi. Tarakta, ko da guda 2,000 ne irin waɗanda aka kawo daga Belarus aka ƙaddamar a 2025, idan babu makanike da kayan gyara a kusa, shekara biyu sun isa su mayar da ita mazaunin kaji a harabar sakatariya. Magudanar ruwa kuwa, idan ana kula da ita, har jikoki sai sun ci moriyarta.

Tarihin Kano ya riga ya koya mana wannan darasi. Jirgin ƙasa ya iso birnin a 1911. Turawa sun shimfiɗa dogon ne da begen samun auduga domin masaƙun Ingila. Amma da manoman ƙasar Kano suka ga an samu hanyar kai kaya bakin teku, ga kuma attajirai irin su Alhassan Ɗantata na saye kuɗi a hannu, sai suka rungumi gyaɗa. Babu wanda ya raba musu tarakta. Cikin 'yan shekaru gyaɗa ta fi ƙarfin taragu, daga baya har aka shiga tara ta dala-dala. Hanya ɗaya da kasuwa tabbatacciya sun yi abin da wa'azin malaman gona dubu ba zai yi ba. Manomi ya san lissafi. Idan ya ga inda gumi zai biya, ba sai an roƙe shi ba.

Ruwa sai ya isa gona

A can arewacin Arewa damina wata uku zuwa huɗu ce. Sauran watannin shekara ƙasa a bushe take, majiya ƙarfi kuma sun tafi cin rani. Duk maganar wadata ƙasa da abinci da ba ta faro daga noman rani ba, tatsuniya ce. Marigayi Audu Baƙo, tsohon gwamnan Kano, ya gane haka da wuri. A zamaninsa aka gina madatsar Tiga, aka kammala ta a 1974, daidai lokacin da fari ya gama ragargaza yankin Sahel. Tana ɗaukar ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2, ita ce kuma uwar aikin noman rani na Kadawa, wanda aka tsara kashinsa na farko a kan hekta 22,000 a yankin Kura da Bunkure da Garun Malam. Duk shinkafa da alkama da albasa da tumatirin da suka sa sunan Kura ya zaga ƙasar nan, daga wannan hangen nesa suka fito. Allah ya jiƙansa.

Kyan aikin Kadawa shi ne ruwa da ƙafarsa yake gangarowa, ba inji, ba mai. Daga Tiga yana bin babbar magudana, ya ratsa ta Ruwan Kanya, ya shiga rassa, daga rassa zuwa ƙananan magudanu, daga nan zuwa 'yar hanyar ruwan da ke bin gefen gona. A kowace mararraba akwai ƙofar ƙarfe da ake buɗewa da rufewa. To a nan gizo ke saƙa. Idan laka ta cika magudana, ciyawa ta toshe ta, siminti ya tsage, ƙofa ta yi tsatsa ko aka sace marikinta, ruwan ba zai ƙare a wurin kowa ba sai wurin na ƙarshen layi. Na farkon layi zai sha har ya yi ambaliya. Na ƙarshe kuwa shi ne za ka gani da tsakar dare cikin sanyin hunturu, riƙe da tocila da fartanya, yana bin magudana yana neman inda aka tare masa ruwa. Da yawa daga cikin rigingimun da ke kai maƙwabta gaban mai unguwa a nan suke farawa. A takardar gwamnati gonarsa na cikin hektocin da ake shayarwa. A zahiri alkamarsa ta yi yaushi tun kafin ta fitar da kai.

Bakolori ta ba mu darasi mai ɗaci fiye da wannan. An kammala madatsar a 1978 a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, da niyyar shayar da hekta 23,000. An karɓe gonakin mutane, an nutsar da garuruwa, diyya ta zama jan-jani. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman haƙƙinsu, a Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sanda, aka kashe mutane da dama. Bayan haka, mafi yawan filin an tsara shi ne a kan na'urorin yayyafa ruwa masu buƙatar wuta da kayan gyara daga Turai. Da wuta ta gagara, kayan gyara suka yanke, sai wannan ɓangare ya kwanta shekara da shekaru. An yi aikin ne ba tare da tambayar mai gona ba, aka kuma zaɓi fasahar da ba za mu iya riƙewa ba.

A Borno an tsara katafaren aikin noman rani na kudancin Tafkin Cadi a yankin Marte a kan hekta 67,000, amma tafkin ya ja da baya ya bar magudanu a bushe. A Gombe an gama madatsar Daɗin Kowa a shekarun 1980, ruwa ya zauna fiye da shekara 30 kafin a soma samun wutar lantarkin da aka yi alkawari. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shanye unguwannin Maiduguri, dubban ɗaruruwan mutane suka rasa matsuguni. Madatsa ba ta fashewa dare ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar da aka ƙi liƙewa da ɗan kuɗi ita ce ake biya daga baya da rayuka.

Adalci ne a faɗi cewa an ɗan farga. A 2014 Bankin Duniya ya amince da bashin kusan dala miliyan 500 domin shirin TRIMING, wanda ya gyara magudanu a Bakolori da Goronyo da Kadawa da kwarin Haɗeja da Daɗin Kowa, ya kuma ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa. Wannan hanya ce mai ɓullewa. Sai dai abin tambaya shi ne, wa zai yashe magudanun nan bayan kuɗin bashi ya ƙare? Idan za mu jira su sake lalacewa sannan mu sake cin wani bashin, to ba mu koyi komai ba. Kuɗin ruwan da manomi ke biya ya kamata ya zauna a wurin da aka karɓe shi, ƙungiyar manoma ta san nawa aka tara, ta ga inda aka kashe. Manomin da ya ga kuɗinsa ya zama sabuwar ƙofar ruwa ba zai yi gardamar biya baɗi ba.

Akwai kuma manoman fadama, waɗanda ba su jira madatsa ba. Kakanninmu da jigo suka yi lambu. Shirin Fadama ya yaɗa ƙaramin injin ban-ruwa da 'yar rijiyar burtsatse marar zurfi, kuma a ganina babu wani shirin gwamnati da ya taɓa rayuwar ƙaramin manomi kamar wannan. Amma injin nan fetur yake sha. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Wasu suka rage fili, wasu suka juya injinsu ya koma aiki da tukunyar gas, wasu suka haƙura. Injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana shi ne mafita, domin ranar da ke ƙona mu a watan Maris ita ce za ta ja ruwan. Matsalarsa kuɗin saye na farko. A nan gwamnatocin jihohi za su iya yin abin a zo a gani: a tsaya wa ƙungiyoyin manoma su karɓa bashi su biya kaka-kaka, a horar da matasan gari gyaransa, a kuma riƙa auna ruwan ƙarƙashin ƙasa don kada a zuƙe shi fiye da yadda damina ke mayarwa.

Na ƙasan kogi ma mutane ne

Ruwan da aka tare a Tiga da madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, da can yana gangarawa ne ya malale fadamun Haɗeja da Nguru, ya bi Komadugu Yobe har Tafkin Cadi. A kan wannan malala masunta da makiyaya da manoman shinkafa suka rayu ɗaruruwan shekaru. Da aka sauya yadda ruwan ke zuwa, ciyawar kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye gero da shinkafa. Yau wasu garuruwan Jigawa ruwa ke cin su kusan kowace damina, wasu kuma a Yobe jiran ruwan suke. Kogi ɗaya ne, amma jihohi da hukumomi da yawa ke iko da shi, kowa na duban gabansa.

Tsarin da ya azurta Kura ya talauta Guri da ke ƙasan kogi bai cika tsari ba. Haka nan wanda ya shimfiɗa gonakin rani a bakin kogi ya toshe burtali da mashaya, ya shuka rigimar manoma da makiyaya da hannunsa. Kafin a zana magudana a takarda, a zauna da sarkin noma da sarkin ruwa da arɗo, a ji ta bakinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Daga gona zuwa titi

Tafiya mafi tsada ga buhun masara ita ce 'yar tazarar da ke tsakanin gona da kwalta. Akwai ƙauyukan da kwalbati ɗaya tak ya raba su da kasuwa. Da ruwa ya sauka a watan Agusta rafi ya kawo, mota ba ta shiga, sai amalanke da babur da jaki. Wanda ya iya shiga da a-kori-kura shi ke yanka farashi, manomi kuma ba shi da ta cewa. Gwamnoninmu na son gadar sama a babban birni domin kowa na ganinta. Amma kuɗin gadar sama ɗaya zai yi kwalbatoci da hanyoyin burji masu yawan gaske a ƙananan hukumomin da ke ciyar da birnin.

Idan kaya ya hau titi ma wahala ba ta ƙare ba. Tsakanin Kano da kasuwar Mile 12 a Legas kimanin kilomita 1,000 ne. Tambayi kowane direban tirela yawan shingayen da yake tsayawa, na jami'ai da na masu karɓar haraji da sunan jiha ko ƙaramar hukuma. Kowace tsayawa kuɗi ce, kuma tumatir da tattasai ba sa jira. An ɗora kwando kan kwando, na ƙasa ya matse, ruwansa na ɗiga a titi tun daga Kaduna. Kwandon roba mai jeruwa ba tare da danne na ƙasa ba yana rage wannan asara ƙwarai, amma sai an tsara yadda za a riƙa hayarsa da dawo da shi. Rage shingaye kuwa ba ya buƙatar kwangila ko bashin waje. Umarni ne da bin diddigi. Duk kuɗin da aka karɓa a hanya, a kan mai saye a Legas da manomi a Garun Malam yake ƙarewa.

Rumbu da inji

Bahaushe bai jahilci ajiya ba. Kowane gida na da rumbu, kuma mutuncin magidanci shi ne hatsinsa ya kai shi wata kaka. Yau da yawan manoma ba sa iya ajiyewa. Da kaka ta yi, mai taki na jira, mai maganin feshi na jira, ga kuɗin makaranta ga auren 'ya. Dole a kai kasuwa lokacin da kaya ya fi araha. Da bazara manomin nan zai dawo ya auni tiyar abin da ya noma da hannunsa a kan kuɗin da ya fi wanda ya sayar nesa ba kusa ba. Ribar tana wurin mai sito.

Wanda ya daure ya ajiye kuma ƙwari na jiransa, musamman a wake. Tsoron ƙwari ya sa ake zuba wa wake magunguna masu haɗari, abin da ya kai Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015. Mu kuwa muna ci. Alhali akwai buhun nan mai leda biyu a ciki da ake kira PICS, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, ba tare da ɗigon magani ba. A Aliero, garin albasa, manoma na kallon wani kaso na amfaninsu yana ruɓewa a rumfunan ajiya kowace shekara. Ga cibiyar binciken ajiyar amfanin gona da ke da reshe a Kano, ga cibiyar binciken noma ta Samaru, duk suna da dabarun da za su taimaka. Abin da ya yanke shi ne igiyar da ke haɗa su da ƙauye, wato malamin gona, wanda a yawancin jihohi ya tsufa ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba.

Gwamnatin tarayya ta gina manyan rumbunan ƙarfe a sassan ƙasar nan. Amma da yunwa ta matsa a farkon 2024, abin da aka ba da umarnin fitarwa tan 42,000 ne. A ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, wannan bai kai rubu'in kilo ga kowane mutum ba. Rumbu ba ya amfani sai da hatsi a ciki. Abin da ya fi dacewa shi ne sito mai kyau a kowace babbar kasuwar hatsi ta karkara, inda manomi zai kai buhunansa a auna, a ba shi takardar shaida, ya karɓi rance da ita ya biya buƙatar gabansa, ya sayar lokacin da kasuwa ta yi kyau. Hukuma kuma ta saya da kaka don kada farashi ya faɗi warwas, ta fitar da bazara don kada ya gagari talaka.

A kan sarrafawa, masana'antar tumatir ta Dangote da ke Kadawa ta isa misali. An buɗe ta a 2016 da ƙarfin markaɗa tan 1,200 a rana, a tsakiyar ƙasar tumatir. A shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci. Tun daga nan masana'antar ta sha rufewa da buɗewa saboda rashin isasshen tumatir a farashin da zai biya ta ya kuma biya manomi. Idan attajiri mafi kuɗi a Afirka ya kafa inji a bakin gona abin ya ƙi tafiya daidai, to matsalar ta wuce ta jari. Inji na buƙatar iri mai yawan yabanya, maganin ƙwari a kan lokaci, ruwa tabbatacce, wuta, da kariya daga markaɗen waje mai araha. Idan ɗaya ya ɓalle, sauran sun tashi a banza. Wannan ya kamata masu tsara sababbin yankunan sarrafa amfanin gona, da ake yi da tallafin Bankin Raya Afirka a jihohi irin su Kaduna da Kano, su riƙe da kyau. Kada kuma a manta da ƙananan masu sarrafawa. Matan Kura masu turara shinkafa da masu ƙananan injinan casa sun riƙe wannan sana'a shekara da shekaru da itace da man dizal. Layin wuta tsayayye guda ɗaya zuwa inda suke zai yi aikin da wata babbar masana'antar ba ta yi ba.

Magana ɗaya, da kwanciyar hankali

Akwai ginshiƙai biyu da ba a gina su da siminti. Na farko tsayuwar gwamnati a kan magana ɗaya. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, aka ce kowa ya koma gona, mutane suka zuba dukiyarsu a noman shinkafa da injinan casa. A Yulin 2024 aka janye harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150. Mai saye ya samu sauƙi, kuma yana da haƙƙin samun sauƙin. Amma a 2025 farashin hatsi ya faɗi alhali taki na nan da tsadarsa, manoma da yawa suka kasa mayar da uwar kuɗi. Wanda ya ƙone a bana zai rage gona baɗi, tsadar da aka kora ta ƙofa ta dawo ta taga. Sauƙi mai ɗorewa shi ne a rage wa manomi kuɗin da yake kashewa kafin buhu ya isa kasuwa, wato dai ruwa da hanya da ajiya da wuta.

Na biyu tsaro. Madatsun Bakolori da Goronyo da Zoɓe duk suna yankunan da 'yan bindiga suka addaba. Akwai garuruwa a Zamfara da Katsina da Sakkwato inda sai an biya kuɗi kafin a yi shuka, a sake biya kafin a yi girbi. Ba mu manta da manoman shinkafar Zabarmari da aka yi wa yankan rago a gonakinsu a Nuwamban 2020 ba. Magudanar da mai ita ke tsoron zuwa bakinta ba ta da amfani. Duk tsarin noma da bai zauna da jami'an tsaro an fitar da yadda za a kare manyan wuraren noma lokacin shuka da girbi ba, an yi tuya an manta da albasa.

Abin yi

Za a ce ina kuɗin yake? A 2003 a Maputo shugabannin Afirka, har da namu, suka yi alkawarin ware kashi 10 cikin 100 na kasafin kuɗi ga noma. Kasafin tarayya bai kusanci wannan ba. Tun bayan cire tallafin mai kuma kason da jihohi ke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai. Kuɗi na nan, zaɓi ne ya rage. Wasu kuma za su ce a bar wa 'yan kasuwa. Ɗan kasuwa zai kafa inji, ya gina sito, ya sayi mota, amma ba zai yashe magudanar da dubban mutane ke sha ba, ba zai gina kwalbatin ƙauyen da ba nasa ba. Sai hukuma ta share fage sannan jari ke shigowa.

Don haka kirana ga gwamnonin Arewa da ma'aikatun gona da na ruwa shi ne, kafin a aza harsashin wata sabuwar madatsa, a ƙirga waɗanda ke ƙasa, a faɗa wa jama'a hekta nawa aka tsara kowace ta shayar, hekta nawa take shayarwa yau. A sa kuɗin gyara a kasafin kowace shekara, a sake shi kafin watan Nuwamba, lokacin da noman rani ke farawa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A zaɓi yanki a haɗa masa komai lokaci guda, ruwa da hanya da sito da wuta, maimakon a watsa ayyuka ko'ina don kowane ɗan majalisa ya samu abin nunawa. A ba ƙungiyoyin manoma, har da na mata, kujera a teburin da ake yanke shawara. Sabon gwamna kuma ya ɗora daga inda na baya ya tsaya, domin magudana ba ta da jam'iyya.

Mu ma talakawa da aiki a gabanmu. Idan mai neman ƙuri'a ya zo da buhun taki, mu tambaye shi labarin kwalbatinmu da ƙofar ruwanmu. Idan an gyara magudana, kada mu fasa ta don gajeriyar hanya, kada mu zuba mata shara, kada mu yi shiru ga mai sace ƙarfenta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya hore mana ƙasa, ya hore mana rana, magabata kuma sun tare mana ruwa tun shekara 50 da suka wuce. Ma'aunin da za mu riƙa auna kowace gwamnati da shi a fagen noma guda ɗaya ne: ruwa ya isa gonar mutumin da ke ƙarshen layi, kuma abin da ya noma ya isa tukunya bai ruɓe a hanya ba? Mai girma gwamna, idan kana son sanin gaskiyar aikinka, ka bar rahoton ofis ka je Kwanar Gafan a watan Maris, ka tambayi matar da ke tsaga tumatir a bakin titi. Allah ya ba shugabanninmu ikon ji, ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani.